Mu duba murhu kafin mu buɗe aya

Malam Edita,

Ni tela ce a Mabera, nan Sakkwato, kuma 'yar Zumuntar Mata. Ka ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana Kirista, zan kuma fara da nawa laifin.

Bara wata mata ta gudo daga yankin Sabon Birni da 'ya'ya huɗu, bayan 'yan bindiga sun kashe mijinta a gona. Ta rakuɓe a wani kango bayan shagona, buhu ne labulen ƙofarta. Na je da Littafi Mai Tsarki a hannu, ina ta jero mata ayoyi, ina cewa Allah ya san dalili. Ta bari na gama, sai ta ce, "Mama, tun jiya ba mu hura wuta ba." Na waiga, ga murhu, ko toka babu. Ina tsaye maƙwabciyata Musulma ta shigo da kwanon kunu, ta ajiye, ta ɗauki ƙaramin ta goya. Ba ta ce uffan ba. Kunya ta kama ni har gida.

Ashe na manta abokan Ayuba sun zauna da shi a ƙasa kwana 7 ba magana, sai da suka buɗe baki suka ɓata rawarsu da tsalle. Manzo Yakubu ma ya tambaya amfanin ce wa mayunwaci ya je ya ƙoshi, alhali ba ka ba shi komai ba.

Tun da aka janye tallafin mai a 2023, mu ma a takure muke. Duk da haka, kowace Lahadi mata kan kawo tiyar gero ko rabi, mu raba, ba ma tambayar addinin mai karɓa.

Abin da ya fi damuna shi ne mai cewa "gara in mutu in huta." Don Allah kada mu daka masa tsawa wai zunubi ne. A zauna da shi, a kawar da maganin ƙwari daga ɗakin, a raka shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware. Zuwa can ba ya rage bangaskiyar kowa, fastocinmu su faɗi haka daga bagade.

Matar nan yanzu ita ke ɗinka mini maɓalli. Wata rana tana hira, wata rana sai hawaye, in bar keken in zauna kusa da ita.

Wata mai karatu,
Mabera, Sakkwato