Godiya ga sashen tiyatar ƙirji da sashen ciwon daji na UDUTH, Sakkwato

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Wagga takarda ta godiya ce zuwa ga likitoci da nas-nas da duk ma'aikatan sashen tiyatar ƙirji da sashen ciwon daji na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo (UDUTH), a madadin Innarmu da mu ɗiyanta baki ɗaya. Ban sa sunan kowa ba don ban nemi izini ba, amma sun san kansu, Allah kuma ya san su.

Inna tana toya masa a Mabera tun muna ƙanana, da kuɗin masar nan anka yi muna makaranta. Ba ta taɓa shan taba ba, ko warinta ba ta so. Tari ya kama ta cikin hunturu, kowa yac ce hazo ne, anka yi ta sayo maganin tari a kemis ana haɗawa da citta da zuma, hazo ya wuce tari bai wuce ba. Sai rama, sai haki ko maƙwabta ta leƙa, rannan kuma sai ga jini cikin kaki. A wani ƙaramin asibiti anka ce tibi ne, anka ɗora ta bisa maganin tibi duk da gwajin kaki bai nuna ƙwayar ba, ta sha ta sha babu sauƙi. Daga nan ne wani maƙwabcinmu yac ce mu daina wasa da ran tsohuwa mu kai ta UDUTH.

Can anka yi mata hoton siti na ƙirji, anka sa allura ta tsakanin haƙarƙari anka ɗebo ɗan nama anka kai lab. Da sakamako ya fito likita bai faɗa muna a tsaye bakin ƙofa ba. Ya sa anka kawo kujeru, ya tambayi Inna ko tana son a yi maganar gabanta ko ta bar mu da shi, tac ce "ɗana ai jikina ne, faɗi in ji." Ya jawo takarda ya zana huhu, yac ce na dama kashi 3 ne na hagu kashi 2, ƙarin da anka gani ciwon daji ne, shina kashin sama na dama, kuma ya taɓa kaluluwar da ke tsakiyar ƙirji, amma hotuna ba su nuna ya je hanta ko ƙashi ko ƙwaƙwalwa ba. Mataki na 3 ke nan, matakan kuma 4 ne. Sunan irin nata adenocarcinoma, kuma shi anka fi gani ga mata da waɗanda ba su shan taba. Na tambaye shi ko hayaƙin itace ne ya jawo, yac ce ba ya iya rantsuwa bisa mutum ɗaya, amma shekara da shekaru gaban murhu ba alheri ne ga huhu ba, kuma ko a duniya taba ita ce kan gaba, kusan kashi 85 cikin 100 na masu wanga ciwo ita ce sila.

Babban yayanmu mutum ne mai zafin nama, nan take yac ce "Likita to mi muke jira, a yanke shi gobe ko nawa ne mu nemo." Kawunmu kuma da labari ya kai mai sai yac ce ko kusa, ai kowa ya san in ƙarfe ya taɓa daji watsuwa yake yi. Gida ya rabu biyu, har wasu na cewa a sai da fili a tafi Misira ko Indiya. Abin da ya sa nike wanga rubutu shi ne yadda likitocin nan sunka bi da mu a wanga wuri, ba su biye ma mai gaggawa ba, ba su kuma raina mai tsoro ba. Sun ce a zo da Kawu, ya zo, likitan tiyata ya gaishe shi gaisuwar manya sannan yac ce "Baba, ba wuƙa ke watsa shi ba, jinkiri ne, galibi kafin a kawo muna mutum ya riga ya watsu, sai a ɗora laifin ga aikin." Ya juyo ga Yaya yac ce in anka buɗe ƙirjin yanzu da ƙarin na da girma kuma kaluluwa ta kamu, da wuya a kwashe shi tas, kuma akwai ƙwayoyin da ido ba ya gani da ƙila sun shiga jini, su wuƙa ba ta kai gare su. Don haka magani za a fara, in ya ƙanƙance a sake hoto, in hoto ya yi kyau kuma jikinta na iya ɗauka sannan a yi aiki. Ya ƙara da cewa ba kowa ne maganin ke karɓa ba, in bai karɓe ta ba to maganar aiki ta tashi sai a koma ga gashi da na'ura haɗe da magani. Wallahi wagga gaskiyar ta yi ɗaci ranar, amma ita ta sa munka yarda da duk abin da sunka ce daga baya.

Anka fara kimo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, carboplatin da paclitaxel ta dirif, duk bayan sati 3, kuma kafin kowane zagaye sai an auna jini an ga ko jiki ya farfaɗo. Wanda bai ga mai shan kimo ba ba ya ganewa. Gashinta ya zube har na gira, yatsun hannu da na ƙafa sunka riƙa yi mata kamar ana tsira mata allura, abinci ya koma ba ɗanɗano, kunu da fura kaɗai ke shiga, ga zafin Sakkwato na watan Afrilu da ko mai lafiya sai ya ji a jikinai. Nas-nas ɗin sashen nan Allah ya saka musu. Akwai wata sista da in ta zo neman jijiya sai ta fara jan Inna da hirar masa, shinkafa ta fi ko gero, yis nawa take sawa, kafin Inna ta gama gardama an sa allura. Su sunka rubuta muna a takarda da Hausa cewa in zazzaɓi ya kai 38 kada mu tsaya ba da farasitamol mu ga abin da hali zai yi, mu taho ko tsakar dare ne, don lokacin garkuwar jiki na ƙasa. Hakan kuwa ya faru sau ɗaya, munka taho da dare, anka karɓe ta anka sa mata maganin ƙwayoyin cuta ta jijiya, ba wanda ya ɗaga muna murya.

Ƙanena ɗan jami'a ya shiga intanet ya gano wani magani nivolumab da hukumar magunguna ta Amurka ta amince a 2022 a riƙa haɗa shi da kimo kafin aikin huhu, ya zo da wayarshi shina nuna ma likita. Da wani likita ne da ya ji haushi. Wanga kuwa sai yac ce gaskiya ne yaro ya yi karatu, maganin na nan kuma shina taimako, amma kuɗinai ba na mai toya masa ba ne, kada mu sai da gida a kai, wanda muke bisa shi ma magani ne da duniya ta daɗe tana aiki da shi. Ni a ganina likitan da ke duba aljihun mutane kafin ya rubuta takarda ya cika likita.

Bayan zagaye na 3 anka sake siti. Likita ya ɗora tsohon hoton kusa ga sabo bisa kwamfuta ya nuna muna, ko ni da ban yi karatun likita ba na ga ƙarin ya ja baya, kaluluwar ma ta sace. Amma ba su ruga ɗakin tiyata ba. Likitan daji da na tiyata da mai karanta hoto da mai sa barci sunka zauna bisa fayil ɗinta, anka auna zuciya, anka ba ta wani bututu ta hura iya ƙarfinta don a san ko huhun da zai rage na iya riƙe ta, anka bar ta ta huta kamar wata ɗaya jini ya dawo. Sun ce mu nemo masu ba da jini tun kafin ranar, matasan unguwarmu da 'yan masallacinmu sunka cika bankin jini, Allah ya biya su.

Ranar aikin ba ni iya ba da labarinta da kyau, zaman jira ne da tasbaha. Abin da na sani an shiga ta gefen dama tsakanin haƙarƙari, an cire kashin sama na huhun gaba ɗaya tare da kaluluwar tsakiyar ƙirji, kuma duk tsawon aikin da huhun hagu kaɗai take numfashi ta na'ura. Likitan ya fito da hularshi ta tiyata bai ko cire ba, ya nemo mu da kanshi yac ce alhamdulillahi an kwashe abin da ido ke gani, sauran bayani sai lab.

Kwanakin da sunka biyo baya nan na ga aikin da ba a yabawa. An fito da ita da roba a ƙirji da ke zuba cikin wata kwalba mai ruwa a ƙasan gado, nas ta ja muna kunne cewa ko da wasa kada a ɗaga kwalbar sama da ƙirjinta, kuma duk bayan ɗan lokaci sai ta duƙa ta duba ta rubuta abin da ya taru. Mai gashin jiki kuma tun washegari ya zo ya tada ta zaune, ya ba ta filo ta rungume bisa ɗinkin yac ce ta yi tari. Inna tac ce "yaro kai ba ka da tausai?" yac ce "Inna tausan ke nan, in kaki ya kwanta a huhu shi ne matsala." Ya kawo mata wani abin hurawa mai ƙwallaye 3 da ake jan numfashi su tashi, ranar farko ɗaya ma da ƙyar ya motsa, ranar da ukun sunka tashi har masu jinya na gadon kusa, wasu mutanen Ƙonni, sai da sunka yi kabbara. Masu shara da masu tura keke ma ban manta da ku ba, akwai dattijon da kullum sai ya tsaya ya ce "Hajiya ya ƙarfin jiki" kafin ya wuce.

Sakamakon lab ya nuna gefen abin da anka yanke ba ciwo, amma an samu sauran ƙwayoyi masu rai a kaluluwa ɗaya, don haka sashen daji sunka ƙara mata magani bayan ta murmure. Ba su ce muna ta warke an gama ba. Sun ce za a riƙa hoto duk wata 6 na 'yan shekaru, don ciwon na iya dawowa, kuma in ta ji sabon tari ko ciwon ƙashi ko ciwon kai da bai tafiya kada mu jira ranar kilinik.

Yanzu dai gashi ya fito, tana zuwa Islamiyya da ƙafarta, tana sallah a tsaye, haki sai in ta yi sauri. Mun hana ta zama gaban murhu, mun sai mata gas, ƙanwarmu ke suya ita tana zaune nesa tana faɗa wai masar gas ba ta kai ta itace daɗi ba.

Shugabannin asibiti, don Allah wagga godiya ta kai ga waɗanga sassa biyu a rubuce, har da bankin jini da lab da ɗakin kulawa ta musamman. Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan mahaifanku, ya ba sauran marasa lafiya da munka baro a kwance sauƙi. Inna tac ce in gaya ma sistar nan gero ya fi, kuma ranar kilinik mai zuwa tana tafe da shaida a kwano.

Naku,
Ɗaya daga cikin ɗiyan Inna,
Mabera, Sakkwato.