Tashar nukiliya daban, bam daban, sakaci ne abin tsoro

Malam Edita, assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Don Allah a ba ni ɗan fili in faɗi wata magana da ta daɗe tana damuna.

Abin da ya sa na rubuto shi ne wata gwaggona da likita ya ce sai an yi mata gashi saboda ciwon daji, wallahi kusan wata guda muka yi muna lallashinta, wai ta ji an ce injin ɗin na nukiliya ne, ita kuma a saninta nukiliya ita ce abin da Amurka ta jefa wa Hiroshima a 1945 gari ya ƙone ƙurmus. Ni ban ga laifinta ba, tunda duk sanda aka ambaci kalmar a rediyo to maganar yaƙi ake yi ko takunkumi. Ta dai yarda daga ƙarshe, amma watan nan da aka ɓata ai ciwon bai tsaya jiranmu ba.

Tashar lantarki ta nukiliya fa in ka cire turancin da ake cika ta da shi tukunyar dafa ruwa ce. Ana fasa ƙwayar zarra ta yuraniyom, fashewar ta ba da zafi, zafin ya tafasa ruwa, tururin ya juya farfela, farfela ta juya janareta, shikenan wuta ta samu. In ana son rage zafin sai a zura wasu sanduna masu sinadarin boron su shanye abin da ke haddasa fashewar. Tun 1942 masanin kimiyya Enrico Fermi ya gwada sarrafa wannan fashewar a Chicago, a 1954 kuma Tarayyar Sobiyet ta fara ba gari wuta da irin wannan tasha a Obninsk. Kuma ga abin da mutane ba su sani ba, yuraniyom ɗin da ake haƙowa kashi 0.7 cikin 100 ne kawai irin wanda ke fashewa, mai lamba 235. Na tashar lantarki ana tace shi ya kai kashi 3 zuwa 5, na bam kuwa sai ya doshi 90. Ka ga ke nan ko ma'aikatan sun so tashar ta tashi kamar bam ba za ta tashi ba, man bai kai ba.

Shi kuma radiyeshin da ake ta jin tsoro, wato haskoki marasa ganuwa da irin su yuraniyom ke fitarwa, a cikinsa aka haife mu. Yana fitowa daga duwatsu da ƙasa, yana saukowa daga sararin sama, har a jikinmu akwai shi saboda sinadarin potasiyom. A matsakaici mutum yana shan kusan milisibat 2.4 (ma'aunin radiyeshin ke nan) a shekara ko da bai taɓa taka asibiti ba, kusan rabinsa daga wata iska ce da ake kira radon mai tsattsafowa daga ƙasa. Hoton ƙirji ɗaya bai wuce abin da za ka sha cikin mako biyu kana zaune a gida ba. Amma hoton CT na ciki wannan ya fi nauyi sosai, ya kai na shekara uku ko kusa da haka, shi ya sa ban son ɗabi'ar nan ta mutum ya matsa wa likita wai sai an saka shi a na'ura don hankalinsa ya kwanta. Mai juna biyu kuma ta faɗa kafin a ɗauke ta hoto, kar kunya ta hana. Af, masu cewa wayar salula ma irin wannan radiyeshin ne, ba iri ɗaya ba ne, na waya ba shi da ƙarfin da zai farfasa ƙwayoyin halitta kamar na eksire.

To ina haɗarin yake? Ni labarin da ya fi tsaya mini a rai ba na wata babbar tasha ba ne, na garin Goyaniya ne a Barazil, shekarar 1987. Wani asibitin gashin ciwon daji ya tashi ya koma wani wuri aka bar tsohon inji a kango. Wasu mutum biyu masu neman ƙarafa suka shiga suka ciro kan injin suka fasa, suka sayar wa mai jari bola. Da dare mutumin ya ga wani gari a ciki yana walƙiya shuɗi, ya ɗauka abin arziki ne, ya shiga da shi gida yana nuna wa 'yan'uwa da abokai har yana ɗibar musu, wasu suna shafawa a jiki. Sinadarin siziyom 137 ne. Yarinya 'yar shekara shida ta yi wasa da shi ta ci abinci da hannun. Mutane suka fara amai da gudawa ana zaton wata cuta ce daban, sai matar mai jari bolan ce ta lura cewa tun da abin nan ya shigo gidan lafiya ta ƙaura, ta sa shi a jaka ta hau bas ta kai wa hukumar lafiya. Mutum huɗu suka mutu har da yarinyar da ita matar, an auna mutane sama da 100,000, an samu 249 da abin ya taɓa, gidaje ma sai da aka rushe. Duk wannan daga abin da bai cika tafin hannu ba, don kawai wani ya tashi bai kwashe kayansa ba.

Hatsarin tashar nukiliya ta Chernobyl a Yukren ma in ka bi diddigi haka ne. Ranar 26 ga Afrilun 1986 ana wani gwaji cikin dare an kashe wasu na'urorin kariya, ga tukunyar da ma ƙirarta da matsala, ga shi ba a yi mata katafaren rufin kankare irin na sauran ƙasashe ba. Mutum biyu suka mutu nan take, wasu 28 cikin 'yan watanni, daga baya dubban yara suka kamu da kansar thyroid, wata halitta da ke gaban wuya, saboda an bar su suna shan madarar da ta gurɓata, hukuma tana ta ɓoye-ɓoye. A tashar Fukushima ta Japan kuma 2011 igiyar ruwan teku ta tsunami ce ta shanye janaretocin da ke sanyaya tukwanen. Mutum kusan 18,000 da aka rasa ruwan ne ya ci su, ba radiyeshin ba, amma dai an kwashe sama da mutum 100,000 daga gidajensu kuma tsofaffi da yawa wahalar ƙaurar ce ta kashe su, wannan ba ƙaramin abu ba ne kar wani ya ce na raina.

Amfanin kuwa yana da yawa. Faransa kusan kashi biyu cikin uku na wutarta daga nukiliya ne, dare da rana ba ruwanta da ko akwai iska ko hadari ya rufe rana, kuma ba ta fitar da hayaƙi irin na gawayin kwal da ke cinye huhun mutane a hankali ba wanda ke kawo labarinsu a jarida. Sirinji da safar hannu na tiyata da radiyeshin ake kashe musu ƙwayoyin cuta. Wanda ya fi burge ni shi ne na tsibirin Unguja a Zanzibar, aka riƙa haska mazan ƙudan tsando su zama ba sa haihuwa ana sakinsu, zuwa 1997 tsando ya ƙare a tsibirin, shanu suka huta da sammore.

Ba wai ina cewa kowace ƙasa ta ruga ta gina ba. Abin da tsada da cin lokaci, Finland ta fara gina tasharta ta Olkiluoto 3 a 2005 sai 2023 ta fara aiki sosai, ga sharar da sai an adana ta dubban shekaru, su ɗin ma rami suka haƙa cikin dutse mai zurfin sama da mita 400 don binne ta. Wanda bai iya kula da taransifoma ba ya fara gyara halinsa tukuna kafin ya nemi wannan.

Roƙona gare ka Malam Edita, ku buga hoton alamar nan ta radiyeshin, mai kama da fanka mai fukafukai uku baƙaƙe a kan rawaya, ku sa ta babba yadda ko wanda bai iya karatu ba zai gane. Ku rubuta a ƙasa cewa duk wanda ya tsinci ƙarfe mai nauyin tsiya ɗauke da ita, musamman masu sana'ar gwangwan da yaran da ke yi musu tsince-tsince, kar ya fasa kar ya kai gida, ya matsa nesa ya hana mutane zuwa wurin ya sanar da hukuma.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka.

Naku, wani mai karatunku a kullum.