Wasiƙar Sallah daga Kuala Lumpur

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Baba da Umma da dukan mutanen gida.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi muku barka da shan ruwa, barka da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana, ya ƙara wa Baba da Umma lafiya da nisan kwana. Mu nan har mun idar da la'asar, ku kuwa na san yanzu ne ake ta haramar fita Idi, tunda muna gabanku da awa 7.

Na yi sallar Idi a Masjid Negara, babban masallacin ƙasa da aka buɗe a 1965. Al'adar mutanen Malesiya ce ran Sallah kowa ya nemi gafarar ɗan'uwansa, yara su durƙusa gaban iyaye su riƙe hannunsu su roƙi yafiyar abin da ya bayyana da wanda ya ɓuya. To ni ma ga ni na durƙusa daga nesa. Baba, Umma, ku yafe mini duk abin da na yi muku, wanda na sani da wanda ban sani ba.

Garin yau fayau yake. Yawancin Musulmin birnin nan suna da ƙauyensu na asali, kuma tun ana jibi Sallah suke ɗaure kaya su tafi, abin da suke kira balik kampung. Abokin aikina ma ya tafi jihar Kelantan, amma ya ce in ya dawo zai kira ni gidansa, domin su duk watan Shawwal buɗe ƙofa suke yi, kowa ya zo ya ci. A nan ake fito da lemang, shinkafa mai danƙo da ake dafawa da madarar kwakwa a cikin gora, da rendang, naman da ake barinsa kan wuta har romonsa ya tsotse, da dambun namansu mai suna serunding. Sai na je zan ba Umma labari.

Baba, ran nan a waya ka tambaye ni inda nake zama da daddare in na taso daga aiki, saboda Kawu ya ce maka biranen Asiya duk mashaya ce. Layi ya katse ban ba ka amsa yadda ya kamata ba. Gaskiya akwai mashaya. Akwai wani titi da ake kira Changkat a unguwar Bukit Bintang, gidajen giya ne jere da juna, kiɗa har tsakar dare, yawanci baƙi 'yan yawon buɗe ido da waɗanda ba Musulmi ba. Doka ta hana a sayar wa Musulmi giya, kuma tun 2017 ko wanda ba Musulmi ba sai ya kai shekara 21. Ba hanyata ba ce, kuma ba can ne jama'ar gari ke taruwa ba. Inda talaka da mai kuɗi suke hira a ƙasar nan shi ne shagon mamak.

Teburin mai shayi ne, Baba, irin na bakin layinmu, sai dai ya girma ya zama gidan abinci. Musulmi ne 'yan ƙabilar Tamil, waɗanda kakanninsu suka zo daga kudancin Indiya, suke da wannan sana'a. Da yawa daga shagunan ba a rufe su dare da rana. Ba ƙofa, ba labule. Teburan ƙarfe ne da kujerun roba, in dare ya yi a baza su har bakin titi, fanka na kaɗawa a sama, ga famfo da sabulu a gefe domin da hannu ake cin abinci. Ba a sayar da giya, ba naman alade.

Shayinsu shi ake kira teh tarik. Mai haɗawa zai zuba baƙin shayi mai ƙarfi da madarar gwangwani mai kauri a moɗa, ya riƙe wata moɗar a ɗaya hannun, sai ya ɗaga ta sama ya saki shayin ya zubo kamar igiya, tsawon hannu guda ko fiye, ya faɗa cikin ta ƙasa ba tare da ɗigo ɗaya ya taɓa ƙasa ba. Ya juya, ya sake. Kafin ya miƙo maka ya huce daidai sha, kumfa ta taru a kai. Umma, na san za ki yi maganar sukari. Ina ce musu kurang manis, su rage zaƙi, kuma yaron da ke kawo mini ya riga ya sani, ba sai na faɗa ba.

Abin da ake haɗa shi da shi roti canai ne. Curin kwaɓaɓɓen fulawa ne da ya kwana cikin mai. Mai yin sa zai danne shi da tafin hannu, ya kama gefe ya wurga shi sama yana maka shi kan tebur, har ya yi faɗi ya yi shara-shara kana hango ƙarfen teburin ta cikinsa. Sai ya ninke, ya ɗora a kasko. In ya gasu ya tafa shi tsakanin hannayensa biyu ya saki, a kawo maka da miyar wake irin ta Indiyawa da romon kifi mai yaji. Wanda yake so a fasa masa ƙwai a ciki. Akwai kuma soyayyar taliyar Maggi da ƙwai, da shinkafar nasi kandar da ake malala mata miya kala-kala har ta nutse. A shagon unguwarmu roti ɗaya da shayi ba su wuce ringit 5 ba, kuma in ka ga dama ka zauna awa uku a kansu, ba mai ce maka tashi.

Wannan rashin korar shi ya fi komai a wurina. Ƙasar nan Malay ne da Sinawa da Indiyawa, kowa da addininsa da abin da ba ya ci. Sinawa suna da nasu shagunan kofi da ake kira kopitiam, kuma da yawansu ana dafa alade, shi ya sa ba na shiga sai na ga tambarin halal na hukumar JAKIM a manne. Amma a mamak kowa na iya zama. Za ka ga direban tasi, da ɗalibai da kwamfutocinsu, da ma'aikaciyar jinya da ta taso daga aikin dare, da tsoho Basine da jaridarsa, duk ƙarƙashin fanka ɗaya. In ana ƙwallon Turai kuwa sai a kafa majigi. Wasan da kuke kallo bayan isha'i mu sai ƙarfe 3 ko 4 na dare yake zo mana, don haka a azumin nan a can mutane da yawa suka riƙa yin sahur, ana tashi daga wasa a wanke hannu a wuce masallaci.

Yau ma da na sauko daga Idi can na nufa. Duk layin a rufe, su kaɗai ne a buɗe. Waɗanda suka rage a gari su ne irinmu marasa ƙauyen zuwa: leburorin gini 'yan Bangladesh cikin sababbin kaya, masu gadi 'yan Nepal, wasu ɗalibai 'yan Sudan da Yaman. Yaran shagon kansu baƙi ne, an ɗauko su daga Indiya, suna tsaye tun asuba har dare. Wanda ke yi mana roti na gan shi ya jingina wayarsa da gwangwanin madara, yana murza kwaɓi yana magana da 'yarsa ƙarama da ke nuna masa lallen Sallarta. Bai daina aiki ba, bai kuma kashe wayar ba. Da ya gama ya aiko mana da roti biyu ya ce kada a rubuta. Umma, ki sa shi a addu'a, shi ma ɗan wata ne.

Duk wannan dogon bayani, Baba, akwai inda na dosa, kuma ina roƙo a yi mini uzuri in na wuce gona da iri. Maganar Auta ce. Ya gaya mini yana son buɗe wurin shayi da indomi a bakin titi, kai kuma ka ce ba don wannan aka kai shi makaranta ba. Na fahimci damuwarka. Ana kallon wurin shayi a matsayin matattarar zaman banza, kuma wani lokaci haka ɗin ne. Amma ka duba nasi kandar ɗin da na ambata. Asalinta a tsibirin Penang, talakawa ne suke rataya tukunyar shinkafa da ta miya a sanda, su saɓa a kafaɗa suna bin ma'aikatan tashar jirgin ruwa. Yau akwai masu wannan sana'a da ke da rassa a garuruwa da yawa, suna ciyar da ɗaruruwan ma'aikata. A 2024 hukumar UNESCO ta sa karin kumallon Malesiya, har da wannan roti da wannan shayi, cikin al'adun duniya da ya kamata a adana, kamar yadda ta yi wa rumfunan abincin Singafo a 2020.

Abin da ya ɗaga su ba wani sirri ba ne. Tsafta ce, da sanin farashi, da mutunta wanda ya zo da ɗan kuɗi kaɗan. Tun farkon 2019 an hana shan taba a duk wurin cin abinci a ƙasar nan, shi ya sa magidanci yake zuwa da matarsa da 'ya'yansa ya zauna hankali kwance. In Auta zai yi haka, ya sa wurin wanke hannu, ya hana taba da caca, ya rufe lokacin salla, ni ina ganin ilimin da ya yi ba zai tafi a banza ba, a nan ma zai yi masa amfani. Shekara nawa yana yawo da takardu ofis-ofis? Zaman da yake yi a gida ya fi ba ni tsoro. Amma magana tana hannunka, abin da ka yanke shi za mu bi.

Na turo saƙo ta hannun Yaya. A cire na cefanen Umma da goron Sallar yara, a kai wa Gwaggo da Hajiya Kaka nasu. Ragowar a ajiye wa Auta har sai Baba ya yi magana, in an amince ya sayi tebur da benci da tukunyar gas.

A gaishe mini da Kawu da iyalinsa, da Malam liman, da duk maƙwabta. Yara in sun je kallon Hawan Daushe gobe a ɗauko mini hoto. Zan kira bayan kun yi azahar, a bar wayar a hannun Umma.

Wassalam.

Ɗanku,
daga Kuala Lumpur.