Ɗalibai, ku daina jera masana kamar layin awo

Ranka ya daɗe Edita,

Ina duba rubutun ɗalibai kan tasirin kafafen yaɗa labarai, kuma abin da ke damuna shi ne kowane masani sai a ware masa sakin layinsa, babu mai amsa wa wani.

Ɗalibai, ku fara da matsayarku, sannan kowane sakin layi ya ɗauki tambaya guda. Misali, ta yaya labari ke tasiri? A 1972 McCombs da Shaw sun nuna kafafen na tsara batun da jama'a za su ɗauka da muhimmanci. Katz da Lazarsfeld kuwa, tun 1955, sun ce saƙo kan ratsa ta bakin masu faɗa a ji. Ku gwama su wuri guda, ku kawo hujjar wanda ya fi dacewa da zamanin Facebook.

Naka,
Wani malami