Mu ne katangar Yankari

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana kan gandun dajin Yankari, domin ni maƙwabcinsa ne. Gonata tana ƙaramar hukumar Alkaleri, kuma daga bakinta zuwa iyakar gandun bai kai tafiyar awa ɗaya a ƙafa ba.

An keɓe dajin nan a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962. Gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Masu riƙo sun yi ta canzawa, amma dajin da faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200 ba a taɓa kewaye shi da waya ba. Mutanen ƙauyukan gefe su ne katangarsa.

Bara da kaka, dawa ta fara nuna, giwaye suka faɗa mini gona cikin dare. Muka kwana muna buga gwangwani, muna hura wuta, muna ƙona barkono da kashin shanu don hayaƙin ya kore su. Da gari ya waye, kusan rabin gonar a kwance take. Na kai kuka inda ya kamata, aka rubuta sunana a takarda. Har yau shiru kake ji.

Ban tsani giwa ba, wallahi. Garken nan yana cikin 'yan kaɗan da suka rage a Najeriya, kuma lokacin da nake koyarwa na sha kai ɗalibaina Wikki, maɓuɓɓugar ruwan ɗumin nan da ke cikin gandun, su yi wanka, birai suna ƙwace musu biredi suna ta dariya. Sai dai a duba: mutumin da giwa ta cinye masa abincin shekara, in ya ga mafarauci ya shiga da bindiga, ko makiyayi ya kora shanu zuwa kogin Gaji da ke cikin gandun da rani, me zai sa ya tashi ya sanar da masu gadin daji?

A ware wani kaso na kuɗin shiga gandun don biyan diyyar gonaki. A ɗauki samarinmu aikin gadi, su ne suka san kowace hanyar da dabba ke bi. Damina ta kusa, ni kuma ban yanke shawarar ko zan sake shuka dawa a wannan gefen ba.

Naka,
Tsohon malamin firamare, Alkaleri