Wasiƙa daga Alƙahira kan karatun ɗanmu

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya, na samu wasiƙarka, kuma na fahimci cewa ɗanmu ya ƙwallafa rai a kan Jami'ar Amurka da ke Alƙahira, kai kuma ka amince ne bisa zaton duk wanda ya yi karatu a Masar zai dawo da Larabci a bakinsa. A nan nake so in ja hankalinka, domin wannan jami'a ba irin Azhar ba ce, wadda mutanen gida suka fi sani.

Jami'a ce mai zaman kanta, wadda wani Ba'amurke ɗan mishan mai suna Charles Watson ya kafa a shekarar 1919, ko da yake tuntuni ta daina zama makarantar wani addini, kuma akasarin ɗalibanta Misirawa ne. Ta fara ne a tsohon gidan wani babban jami'i mai muƙamin Fasha da ke dandalin Tahrir, sannan a 2008 ta koma sabon mazauninta mai faɗin eka 260 a Sabuwar Alƙahira. Na je can da kaina saboda wasiƙarka, tafiyar kusan awa guda daga tsakiyar gari idan hanya ta yi kyau. Ginin dutse ne mai launin yashi, da tsakar gida bayan tsakar gida, da tagogi masu sassaƙen katako irin na tsofaffin gidajen Alƙahira. Na zauna shan shayi kusa da wasu ɗalibai, sai na ji suna fara zance da Larabcin Masar, su tsallaka Ingilishi a tsakiyar jimla, su sake komowa ba tare da sun lura ba.

Da Ingilishi ake koyarwa. Kafin a karɓi ɗalibi sai ya kawo sakamakon jarrabawar ƙwarewar Ingilishi ta TOEFL ko IELTS, wanda kuma makinsa bai kai ba sai ya fara da ajin ƙarfafa harshen. Abin da zai fi ba ka mamaki shi ne tsarin karatunsu na Amurka, wanda ba ya barin yaro ya duƙufa a kan fanninsa kaɗai. Ko da injiniya ya zo karanta, wajibi ne ya ɗauki darussan rubutu da falsafa da tunanin kimiyya da tarihi ko adabin ƙasashen Larabawa, kuma galibi sai bayan ya zauna ya nuna ƙwazo ne ake tabbatar masa da fannin da ya zaɓa. Da farko na ɗauki wannan ɓata lokaci ne, amma da na tuna injiniyoyin da muka sani waɗanda rubuta rahoton shafi biyu ke gagararsu, sai na sauya ra'ayi.

Fannin injiniya da yake so akwai shi. Suna koyar da injiniyancin man fetur da na gine-gine da na injuna da na lantarki da sadarwa, har da ilimin kwamfuta, sai dai karatun injiniya yakan ci shekara biyar, yayin da yawancin sauran digirori ke ƙarewa a huɗu. Akwai kuma kasuwanci da tattalin arziki da aikin jarida da nazarin tsohuwar Masar ta Fir'aunoni. Tsangayar likitanci ce babu, saboda haka ka gaya wa ƙanwarsa da ke burin zama likita ta nemi wani wuri.

Game da Larabci, ba wai ba a koyar da shi ba ne. Sashensu na koyar da baƙi ya yi suna, har daga Amurka da Turai ake zuwa dominsa, kuma maɗaba'arsu da aka kafa a 1960 ta shahara wajen fassara adabin Larabci zuwa Ingilishi. Amma yaro zai iya kammala digirinsa bai iya karanta shafi guda na littafin fiƙihu ba, sai dai ɗan Larabcin kasuwa na cinikin abincinsu koshari da magana da direban tasi. Idan Larabcin ƙwarai kake so, sai ya yi rajistar darussansa da gangan, ko mu nema masa malami a unguwar Azhar ranakun Juma'a da Asabar da ba a shiga aji.

Saura maganar kuɗi, wadda ba zan ɓoye maka ba. Tana cikin jami'o'i mafiya tsada a ƙasar, ana lissafin kuɗin ne bisa yawan darussan da ɗalibi ya ɗauka, baƙi kuma da dala suke biya. Ko Misirawan kansu sun yi zanga-zanga a 2016 lokacin da darajar fam ɗin Masar ta faɗi, balle mai canza naira. Akwai tallafin karatu, amma gasa ce mai zafi, don haka ka aiko mini da hoton sakamakonsa na WAEC da na fasfonsa, in kai ofishin ɗaukar ɗalibai in ji ta bakinsu kafin ka sayar da gonar da ka ambata.

Ka gaishe mini da Hajiya da yara duka.

Naka har kullum,
Amininka