Wasiƙa zuwa ga aminina a Alƙahira

Assalamu alaikum, Likita bokan Turai.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Mu nan Kano alhamdulillahi, sai hunturu da ya shigo da ƙarfinsa, ƙura ta ko'ina, littattafan laburare kullum sai an kakkaɓe. Na je na gaida Hajiya ranar Juma'a, ƙafar ta yi sauƙi, har ta ce in faɗa maka ka daina aiko mata da maganin da ba ta iya karanta sunansa.

Saƙonka ya iso, kuma na ji ɓacin ranka tun daga layin farko. Mujalla ta dawo maka da maƙalarka karo na biyu, ga shi ka buɗe shafinka na Google Scholar, mai nuna sau nawa aka ambaci rubutun mai bincike, ka kwatanta da na abokan aikinka, ka ga naka kamar rumbun da aka share. Har kana cewa ko za ka haƙura da bincike ka tsaya ga duba marasa lafiya kawai. To, shekara da shekaru ina zaune a laburaren koyon aikin likita, ina taya malamai tattara takardun neman ƙarin girma, ina ƙirga musu sau nawa aka ambaci aikinsu. Wannan ƙidaya ita ce tuwona, don haka bari in yi maka magana a kanta da labarin da ka fi ni sani ta fuskar magani, amma na fi ka sani ta fuskar takarda.

Ka san Robin Warren da Barry Marshall. Warren likitan duba tsoka ne a madubin ganin ƙananan halittu a asibitin Royal Perth da ke Ostireliya. A 1979 ya fara ganin wasu ƙwayoyin cuta masu lanƙwasa kwance a bangon cikin marasa lafiya, kuma duk inda ya gan su sai ya ga kumburi. A lokacin an riga an kulle magana: ciki akwai asid, babu abin da zai rayu a cikinsa, gyambon ciki kuwa daga yawan asid ne da damuwa da abinci. Ga kuma magungunan rage asid, Tagamet da Zantac, suna kwantar da ciwon, kamfanoni suna kwasar kuɗi, mara lafiya yana warkewa, ya daina sha, ciwon ya dawo, ya koma ya saya. Marshall, yaro ɗan shekara 30 mai neman ƙwarewa, ya haɗu da Warren a 1981. Sun yi ta ƙoƙarin rainon ƙwayar a faranti abin ya ƙi, domin ana zubar da farantan bayan kwana biyu. Sai hutun Ista na 1982 ya zo, aka bar su a akwatin ɗumi har wajen kwana biyar, da aka dawo sai ga ta ta tsiro.

Abin da nake so ka duba shi ne abin da ya faru da takardunsu. A 1983 Marshall ya aika taƙaitaccen bayanin aikin ga taron ƙungiyar likitocin ciki ta Ostireliya. Guda 67 aka aiko, aka karɓi 56, nasu yana cikin 11 da aka jefar. Kai da aka dawo maka da taka sau biyu, ka ga kana da 'yan uwa. A wannan shekarar dai mujallar likitoci ta Lancet ta buga musu wasiƙu biyu, kowa da tasa, sai a 1984 ta buga cikakkiyar maƙalar: mutum 100 aka leƙa cikinsu, aka ga ƙwayar a 58, kuma duka 13 masu gyambon farkon ƙaramin hanji suna ɗauke da ita. Yau wannan maƙala an ambace ta sau dubbai. Amma da a ce Warren ya kawo min takardunsa a 1983 in shirya masa neman ƙarin girma, wallahi da na ba shi haƙuri na ce ya je ya ƙaro. Shi ba mai yawan rubutu ba ne, abu ɗaya ya gani ya tsaya a kansa.

Ɓangaren da ya fi damuna a matsayina na mai ƙirga ambato shi ne na baya. Ba Warren ne ya fara ganin waɗannan ƙwayoyi ba. Bizzozero ya gan su a cikin karnuka a Italiya a 1893. Jaworski ya gan su a ruwan wankin cikin mutane a Krakow a 1899, amma ya rubuta da yaren Polan, abin ya kwanta a can. Freedberg ya gan su a Boston a 1940. Sai a 1954 wani babban likitan Amurka, Eddy Palmer, ya duba tsoka sama da 1,100 da aka gutsuro daga cikin mutane, ya buga a mujallar Gastroenterology cewa babu komai. Rinin da ya yi amfani da shi ba ya fito da ƙwayar sosai, shi kuwa Warren da rinin azurfa ya fito da ita ɓaro-ɓaro. Amma Palmer babba ne, adadinsa mai yawa ne, mujallarsa mai daraja ce. Maganarsa aka riƙa kafa hujja da ita, wannan ya ɗauko daga wancan, kusan shekara 25 ƙofar tana rufe. Ka ga ƙidaya tana nuna wanda ake saurara ne a lokacin. Ba ta da idon gane ko ya yi daidai. Har wanda ya ambace ka don ya ƙaryata ka, kwamfuta lada ɗaya take rubuta maka.

Kada ka yi murna tukuna, don ban ce ka watsar da rubutu ba. Akwai wani likita a garin Missolonghi na ƙasar Girka, John Lykoudis, wanda tun 1958 ya warkar da gyambon cikinsa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, sannan ya yi ta ba dubban marasa lafiya. Ya aika rubutunsa ga mujallar ƙungiyar likitocin Amurka, aka ƙi bugawa. Hukuma a ƙasarsa ta ci shi tara. Ya rasu a 1980, kafin a raini ƙwayar a Perth. Mutumin yana kan hanya, amma bai yi gwajin da zai gamsar da wanda bai san shi ba, kuma abin da ya sani bai shiga inda za a same shi ba. Rijiya ce a bayan gida, mai ita ya sha, maƙwabta sun sha, ayari ya wuce da ƙishirwa.

Ni ma ban cika yarda da yadda ake ba da labarin Marshall kamar duk duniya ta zalunce shi ba. Gaskiya ne takaici ya sa ya kurɓe ruwan ƙwayar a 1984, ya yi ta amai, bakinsa ya yi wari, aka leƙa cikinsa aka ga kumburi, aka buga a mujallar likitocin Ostireliya a 1985. Jarumta ce, amma mutum ɗaya ne, kuma kumburi ya samu, ba gyambo ba. Waɗanda suka ce a kawo ƙarin hujja ba mahassada ba ne duka. Abin da ya karya gardama shi ne gwaje-gwajen da suka biyo baya, ciki har da nasu na 1988, da suka nuna idan aka kashe ƙwayar gyambon ba ya cika dawowa. A 1989 aka raɗa mata suna Helicobacter pylori. A 1994 cibiyar binciken lafiya ta Amurka ta ce a riƙa ba mai gyambo maganin kashe ƙwayar, kuma a shekarar hukumar binciken sankara ta duniya ta sa ta cikin abubuwan da ke haddasa sankarar ciki. Kyautar Nobel kuwa sai 2005 aka ba Warren da Marshall. Daga ganin farko zuwa kyauta shekara 26 ke nan, alhali ma'aunin darajar mujalla da Eugene Garfield ya ƙirƙiro, wanda shugabanninku ke rantsuwa da shi, ambaton shekara biyu kacal yake dubawa.

Wani abin dariya, a 2005 ɗin dai Jorge Hirsch, masanin kimiyyar fiziks a San Diego, ya fito da lambar nan ta h da ta hana ka barci. Idan lambarka 10 ce, kana da maƙala goma da kowacce aka ambata aƙalla sau goma. To mutumin da ya rubuta maƙala uku rak, ko da kowacce an ambace ta sau dubu biyar, lambarsa ba za ta wuce 3 ba har abada. Wanda kuwa ake liƙa sunansa a tsakiyar jerin marubuta ashirin duk wata, ko bai taɓa riƙe bututun leƙa ciki ba, tasa hawa take yi. Na ga irinsu da idona, ba zan kama suna ba.

Sai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Ka tuna maƙalar Holcombe a mujallar Gut a 1992, wadda ya kira lamarin kacici-kacicin Afirka? A Maiduguri ya yi aikin. Sun gwada jinin mutane a arewa maso gabas suka ga sama da kashi 80 cikin ɗari suna da alamar ƙwayar, yawanci tun suna yara, amma ya ce gyambo da sankarar ciki ba su da yawa. Sunan ya yi daɗin faɗa, aka yi ta ambatonsa a duniya. Daga baya masu bincike suka tattara sakamakon leƙen ciki daga ƙasashen Afirka suka ce gyambon yana nan, rashin kayan aiki da rashin rubuta bayanai ne suka ɓoye shi. Wa zai warware wannan in ba irinku ba? Ka san yadda muke a nan: kowa ya ji zafin ƙirji ya ce olsa ce, ya ɗora wa yaji ko yunwa laifi, ya shiga kemis ya sayi omeprazole, ya haɗa da Flagyl ɗin da aka sha har ƙwayar ta saba da shi. Bayanan marasa lafiyar da ka tara kafin ka tafi, su ne maƙalar da aka dawo maka da ita, kuma su ne irin abin da babu shi a rubuce.

Don haka ka aiko min da ita tare da sharhin masu bita, duka biyun, har wanda ka ce bai karanta ba ya yi hukunci. Ina zargin cikin maganganunsa akwai guda biyu ko uku masu kama hankali, kai ne zuciya ta hana ka gani. Zan duba maka jerin madogara, in kuma nemo mujallu uku da ke buga irin wannan aiki, waɗanda ake samu a PubMed, rumbun maƙalun likitanci na intanet. Amma don Allah ka rabu da masu turo maka imel suna yabonka suna cewa za su buga cikin mako guda idan ka biya dala. Wani malami a nan ya kai irinsu guda huɗu gaban kwamiti, aka soke su duka, kuɗinsa sun tafi.

Kilishin da ka ce, na ba mai zuwa ƙarshen wata, tare da kuka da daddawa na uwargida. Ka shafa min kan yara, ka ce wa babban har yanzu ina jiran wasiƙar Larabcin da ya yi min alkawari.

Wassalam,
Amininka na laburare.